Ƙane Ba Ya Aiken Yayarsa

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Yau kwana arba'in cif da muka fara tattakin nan ni da ƙanena Souley, kuma dole in faɗi gaskiya ko da ban so ba: likitar da ke duba shi ta san aikinta. Ranar da ta rubuta masa tafiya a takarda kamar magani, sai da na ce mata, madam, mutumin da ya tako ƙasa bakwai da ƙafa kafin ya iso New York, wace tafiya ce ta rage masa? To ga shi jiya ya yi barci har ya makara sallar asuba. Na tashe shi da faɗa, na koma kicin ina murna ni kaɗai.

Daga unguwarmu ta Mount Hope bas ɗaya ce take tsallakar da mu kogi, sai mu ƙarasa wurin shan iska na tudun Fort Tryon, mu hau matakalar dutse ta wajen titin Broadway. Hawa ne mai cin gwiwa. Hanyoyin sun yi ta lanƙwasa tsakanin duwatsu da itatuwa, in ka kai sama sai kogin Hudson ya buɗe maka. 'Yata Shamima ta taɓa karanta mini allon ƙarfen da ke can, wai an yi yaƙi a tudun nan shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce, sojoji suna hawa ana harbinsu suna gangarowa. Yau karnuka masu riga ne ke fitsari a wurin.

Souley yana son wurin don babur ba ya shiga, ƙararsa tana firgita shi. Yana tafe da sandar babanmu, ni na ba shi don hawan. Yau ya tsaya ya ce, "Yaya, kuregen ƙasar nan duk sun yi ƙiba, ba mai cin su ne?" Wasa na farko ke nan da na ji a bakinsa tun ranar kasuwa. Ba zan rubuta zancen ranar kasuwa a littafin nan ba.

Akwai wata takarda rawaya manne a bakin ƙofa. Na bar tabarauna a gida, ban tsaya ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Jini a mayafina har gefen kunne. 'Yan sanda sun tafi da Souley.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban je aiki ba. Bari in rubuta abin da ya faru jiya.

Mun kusa kaiwa sama, daidai inda hanya ta zagaye wani babban dutse, sai bindigogi suka tashi gaba ɗaya. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Hayaƙi ya biyo ta cikin itatuwa da warin albarushi. Ni kaina na durƙusa. Kafin in ce Innalillahi wani dogon mutum ya ɓullo daga bayan dutsen da jar riga, bindiga a kafaɗa da wuƙa a bakinta, yana sauri.

Souley bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na riƙe shi. Ya ture ni bayansa, ya ɗaga sandar da hannu biyu kamar mai faskare. Ta farko a muƙamuƙi, na ji ƙarar. Mutumin ya faɗi, hularsa ta gangara. Ta biyu a ido. Ta uku a hannun da ya kare fuska da shi. Na kama rigar Souley ina cewa ya isa, ya isa, ya watsar da ni kan dutse. Yana duka yana kiran sunan yarinyar da ya rasa ranar kasuwa. Ba zan rubuta sunan ba. Sai da maza huɗu suka danne shi, ɗaya ya sa masa gwiwa a wuya, shi kuwa yana ce mini, "Yaya gudu, akwai saura a baya!"

Wasa ne ashe. Wasa! Kowace shekara suna sa kayan sojojin da, su harba bindigar da ba harsashi don tuna yaƙin tudun nan, iyaye na tsaye da yara suna tafi. Abin da takarda rawaya ta ce ke nan. Mutumin tsohon malamin makaranta ne, sunansa Mista Holleran, ya makara ne yana sauri ya iske 'yan'uwansa. Ni na tallafi kansa kafin motar asibiti ta zo, haƙorinsa biyu suna cikin ganye. Matarsa ta iso a guje ta fizge shi daga hannuna, ta kalle ni kallon da ba zan manta ba.

Wane irin mutane ne ke wasa da yaƙi, don Allah? Amma wace irin jaka ce ke wuce takarda ba ta karanta ba? Ni ce, Iyatu.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

An saki Souley zuwa ranar shari'a. Wuyansa ya kumbura, ba ya iya haɗiye tuwo.

Lauyar da gwamnati ta ba shi yarinya ce siririya, tana magana kamar ana korar ta. Ta zaunar da mu a benci, ta kira tafinta a waya, wani Bakano. Ta ce za ta kawo takardun likita ta nuna wa alƙali abin da ke kan Souley, akwai fata. Amma in aka kama shi da babban laifi, dosiyensa, wato takardunsa na neman mafaka, ya mutu, za a mayar da shi gida. Gida! Garin da tun harin 'yan bindiga ko kasuwar ba ta ci.

Sai ta ɗaga wata takarda ta buga ta da yatsa sau uku. Umarnin alƙali ne: kada Souley ya kusanci Mista Holleran, kada ya kira shi, kada ya aika kowa wurinsa. Ta sa tafinta ya maimaita. Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, kunnena lafiya lau.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Souley ya naushi bangon banɗaki har tayil biyu sun fashe. Na wanke masa hannu da ruwan gishiri, bai ko motsa ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Na je tudun ni kaɗai kafin aiki. Ban san me ya kai ni ba. Sun wanke dutsen, amma akwai baƙi-baƙi a tsagar da ruwa bai shiga ba. Wata mata ta wuce da karenta ta yi mini murmushi. Na ji kamar in shaƙe ta, alhali ba ta yi mini komai ba.

Abin da ke cin raina: kwana huɗu mutum yana kwance, jininsa a hannunmu, ko sannu ba mu ce ba. A garinmu ko akuyar mutum ɗanka ya karya wa ƙafa, rana ba ta faɗuwa sai manya sun taka sun je. In ba ku je ba kun ce ba ku damu ba ke nan, kuma daga nan gaba take farawa. Mutumin nan yana can yana cewa mu dabbobi ne. Da me zai san ba haka ba ne?

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Na tsaya na ga Alhaji Kadri a ƙofar masallacinmu na unguwar Morrisania. Shi ne babbanmu 'yan Nijar a nan, shekararsa talatin yana sasanta mutane, daga rikicin masu kasa kaya a titin Canal Street har na aure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, an ce kada a aika kowa."

Ya ce, "Wa ya aike ki, Iyatu? Souley ne ya aike ki?"

Na ce bai ma sani ba.

Ya ce, "To ƙane yana aiken yayarsa ne? Takarda ta hana shi, ba ta hana ki ba, ba ta hana ni ba. Bature ma mutum ne, in ya ga furfura ta durƙusa masa zuciyarsa za ta yi sanyi. Jibi mu je."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Shamima ta shigo daga kwaleji ta tarar ina soya kaji shida. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, musamman in za ta yi mini rashin kunya. Da ta gane inda za a kai su sai ta kashe mini wuta. Ta ce, Mama, kada ki je, za ki kashe kawu. Na ce ke da aka haifa a asibitin Bronx za ki koya mini yadda ake ba mutum haƙuri? Ta ce nan ba ƙauye ba ne. Na mare ta. Shekararta sha tara ban taɓa ɗaga mata hannu ba sai yau, har zobena ya tsaga mata leɓe.

Ta ɗauki jakarta ta tafi gidan ƙawarta. Na kunna wutar na ƙarasa suya. Souley yana ɗaki, na ce masa sadaka zan kai masallaci.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan magariba

Mun je. Na san asibitin tun ranar, na ji masu motar suna faɗa. Mu shida: Alhaji da babbar riga da sandarsa, dattawa uku, matar liman, da ni. Kula biyu, goro, dabino, bargo sabo. A lif wata nas ta ce mun yi kyau.

Hawa na bakwai. Alhaji ya yi sallama ya tura ƙofa. Mista Holleran yana kwance, an ɗaure muƙamuƙinsa da waya, ido ɗaya a rufe da auduga. Sai a lokacin na tuna ba zai iya tauna kaza ba. Muka durƙusa gaba ɗaya. Alhaji ya fara da Turancinsa na Canal Street, yana cewa mu dangin yaron ne, mun zo ban haƙuri, a yafe, a janye magana daga kotu a bar ta tsakaninmu.

Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa mai lafiya yana kan sandar Alhaji. Ya fara ja da baya a kan gado, yana wani kuka ta cikin haƙora, robar ƙarin ruwa ta fizge daga hannunsa jini ya biyo. Zanen gado ya jiƙe a ƙarƙashinsa. Na san wannan idon, irin na Souley ne. Da shi nake kwana a gida ɗaya wata goma sha ɗaya.

Matarsa ta fito daga banɗaki ta gan ni. Ta ɗauki kular miya ta jefe ni da ita a ƙirji, tana ihu. Masu gadi suka zo suka tura mu waje, rawanin Alhaji ya faɗi wani ya taka. Suka rubuta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. A mota matar liman ta ce, "An bar bargon."

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ƙirjina ya yi bororo. Ban faɗa wa Souley ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

'Yan sanda sun zo Souley yana karin kumallo. Da ya ji bugun ƙofa ya shige ƙarƙashin tebur. Su uku suka jawo shi ta ƙafa, kansa ya bugi ƙafar kujera, koko ya zube a kansu duka. Ya ciji ɗaya a hannu. Suka murɗe shi a ƙasa har na ji kafaɗarsa ta yi ƙara. Ina ta cewa bai sani ba, ni ce, ni ce, ɗayan ya nuna ni da yatsa ya ce in matsa ko in bi shi. Na matsa.

Souley yana tambaya, "Yaya, me na yi kuma? Ban fita ba, Yaya, ki gaya musu ban fita ba." Maƙwabta duk suna leƙe a matakala.

Garin neman gira na rasa ido.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Lauya ba ta kira tafinta ba yau, Shamima ce ta fassara, leɓenta bai gama warkewa ba, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Alƙali ya ce a tsare shi a kurkukun tsibiri har goma ga Disamba, ranar da za a duba ko shi ya aiko mu.

Lauya ta ce hanya ɗaya ce. In tashi a gaban alƙali in rantse cewa ni na shirya tafiyar, bai sani ba. In an yarda, za a sake shi a koma maganar farko, inda yake da fata. Sai ta ce dole ta gaya mini sauran. Wanda ya je wurin mai ƙara ya ce ya janye, laifi ne mai zaman kansa. Suna iya juyowa kaina. Aikina na jinyar tsofaffi a gidajensu ba ya ɗaukar wanda aka taɓa kamawa. Da na tambayi takarduna na zama 'yar ƙasa da nake jira, ta ɗaga kafaɗa. Ta ce in nemi lauyan kaina, in yi tunani.

Na ce ba sai na yi tunani ba. Haka na ce.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da azahar

Yau bikin godiya na Amurkawa, duk gari na cin talotalo. Alhaji Kadri ya tafi jihar Ohio wurin ɗansa, wayarsa a kashe. Shekara talatin ta sasanci! Allah ya isa.

Asabar, 30 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Tudun. Sau uku na hau na sauka. Na tsinci reshe na yi ta dukan wata itaciya har ya karye, na tsinci wani. Wani mai gudu ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ya wuce da Hausa, ya gane.

A allon ƙarfen an ce akwai wata mata a yaƙin nan da aka kashe mijinta a gabanta, ta karɓi igwarsa ta ci gaba da harbi har aka ragargaza mata kafaɗa. Na daɗe tsaye a gaban allon. Ita ba ta da 'ya a kwaleji, na ce a raina. Sai na ji kunyar kaina.

Talata, 3 ga Disamba, bayan la'asar

Shekara ashirin da biyu ina ɗaga tsofaffin mutane ina wanke musu kashi. Da hannun nan na kai uwata asibitin Yamai, da shi na rufe ta. Da shi na kawo shi kansa Souley. Ba wanda ya taɓa rubuta sunana a littafin 'yan sanda sai Lahadin da muka je asibiti.

Zan tashi. Na ce zan tashi.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na je ganinsa. Bas, bincike, bas, bincike, suka sa na cire ɗankwali. Idonsa na hagu ya rufe da kumburi, wani ya buge shi da tire a wurin cin abinci don ya yi ihu cikin barci. Ya ce trankil, ba komai.

Lauya ta riga ta gaya masa duka, har da abin da zai iya samuna. Ya ce, "Yaya, za ki yi magana ranar Talata?"

Na ce, "Insha Allah."

Ya dube ni. Ni na yi masa wankan farko, na goya shi har ya yi wayo, ya san Insha Allah ɗina kala-kala. Ya ce, "Ina labarin Shamima?" Na ce tana nan lafiya. Ya ce in gaishe ta. Sai mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Lahadi, 8 ga Disamba, da safe

Ban je tudun ba. Ban je ko'ina ba.

Litinin, 9 ga Disamba, bayan magariba

Na goge atamfata shuɗiya. Na maimaita maganar a gaban madubi sau goma: ni na shirya, bai sani ba. A gaban madubi tana fita sumul.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Matar Mista Holleran ta fara. Ta ce an cire idon ranar Juma'a. Ta ce mijinta ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki, ba ya yarda a buɗe. Ta nuna ni ta ce wannan ce ta jagorance su.

Lauya ta tashi ta ce tana da shaida. Ta juyo ta kira sunana. Na ji sunan. Na sa hannu a kan bencin gabana don in miƙe, gwiwoyina da suka hau tudun nan kwana arba'in suka ƙi. Ban san tsawon lokacin ba. Shamima ta ce daga baya bai kai a ƙirga biyar ba.

Sai Souley ya miƙe da sarƙa a hannu. Bai juyo ba. Ya ce wa tafinta, "Gaya masa ni na aike ta. Na ce in ba ta je ba zan kashe kaina. Ba ta da laifi, tsoro na ba ta."

Lauya ta kama hannunsa tana cewa ya yi shiru, ya zauna. Tafinta ya dubi alƙali, alƙali ya ce ya fassara. Ya fassara. Mai rubutu ta rubuta.

Alƙali ya ɗago ya duba ɗakin, ya tambayi lauya ko har yanzu tana son kiran shaidarta. Ta sake juyowa ta kalle ni. Shamima ta danƙe cinyata da farce, ban san ko tashi take nufi ko zauna ba, ban tambaye ta ba har yanzu.

Ban tashi ba.

Da za su fita da shi ta ƙaramar ƙofa ya ɗan rusuna ta wajena, yadda yake yi kullum in zai fita gida, ya ce, "Yaya, na tafi."

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

Lauya ta kira sau huɗu. Ta bar saƙo, wai ƙofa ba ta rufe ba tukuna, in na zo ofishinta kafin Juma'a na sa hannu a takardar rantsuwa tana iya gwadawa.

Ina zaune a tashar bas. Wadda ke zuwa ofishinta ta wuce sau biyu. Tsohuwar da nake jinya tana jira in ba ta maganin ƙarfe tara, kuma ba ta son a makara.